Yadda za ki koya wa 'yar shekara huɗu kartar Whot ba a tashi da kuka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Ƙanin maigidana ya sayo wa yarana kartar Whot don su rage kallon waya a hutun nan. Babban namiji ne, shekararsa shida, ƙanwarsa kuma huɗu da 'yan watanni. Sau uku muna zama, sau uku ana tashi da kuka. Ita ba ta gane dokar ba, da an ce ta ɗauki biyu sai ta watsar da katunan. Ga shi kuma surukata ta ce karta caca ce, ba ta son ganinta a gidan ɗanta. In ci gaba da koya musu ne, ko in ɓoye ta kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da maganar Hajiya, don in ba a warware ta ba, duk sauran bayanin da zan yi ba shi da wurin zama.

Hajiya ba son ranta ta faɗa ba. A tasowarmu inda ake ganin karta shi ne gindin bishiya da bayan tasha, a zube kuɗi a tabarma, a tashi da zage-zage, shi ya sa har yau in aka kira mutum ɗan karta ba yabonsa aka yi ba. Haramcin caca kuwa ba abin jayayya ba ne, yana nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Inda malamai suka yi saɓani shi ne wasan da ba a sa komai a kansa ba: akwai masu hanawa ɗungurungum, akwai masu ƙyamata, akwai masu cewa babu laifi muddin bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni malamar aji ce, wannan ɓangaren na malaman fiƙihu ne, don haka ke da maigida ku kai shi ga malamin da gidanku ya aminta da shi, kuma maigidan ne zai yi wa mahaifiyarsa bayani, ba ke ba. Kada ki ɓata da surukarki a kan guntayen kwali. In an tsaya a kan ba a son ta, ki samo kwalin sukari ko na shayi, ki yayyanka daidai tafin hannun yaro, ki zana lambobi da alamomi da biro, ki nuna wa Hajiya abin da kike yi da su a fili. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana aiki da su. Na taɓa yin irinsu da haruffan alif, ba, ta, yaran suka yi wasan haɗa biyu-biyu da su har kwalin ya yi laushi.

To, mu koma kan yarinyar. Ba taurin kai take yi ba, kuma ba ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja ba. Kayan manya aka ɗora mata.

Ki duba abin da ke cikin kwalin nan. Wani Bature ne, William Storey, ya ƙirƙiro Whot a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta, ta zo Najeriya ta samu gindin zama har ta fi ƙarfi a nan a kan inda aka haife ta. Katuna 54 ne. Masu da'ira 12, masu kusurwa uku 12, masu kusurwa huɗu 9, masu kuros 9, masu tauraro 7, sai guda 5 masu lamba 20 waɗanda su ne Whot ɗin. Lambobin suna tafiya daga 1 zuwa 14, babu 6 babu 9. Sannan ga dokokin da muka ɗora mata a nan: 1 ki sake sakawa, 2 na gabanki ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 a tsallake shi, 14 kowa ya tafi kasuwa (wato ya ja kati daga tarin da ya rage bayan rabawa), 20 ki zaɓi zanen da kike so. Ki ƙara da “las kad” (saura kati ɗaya) da “cekof” (na gama) waɗanda in mutum ya manta bai faɗa ba a ci shi tara. Yanzu ki lissafa abin da ake nema daga 'yar shekara huɗu a zama ɗaya: ta riƙe kati biyar a hannun da biyu ma da ƙyar yake riƙewa, ta ɓoye su, ta gane lambobi har 14, ta tuna dokoki shida, ta jira layinta, kuma a ce mata ɗauki biyu ta yi murmushi. Ko ni aka haɗa wa wannan a rana ɗaya da yaren da ban iya ba, watsarwa zan yi.

Amma a cikin duk waɗannan akwai guda ɗaya da ya fi wuya, kuma shi ne iyaye ba sa lura da shi don a wurinsu ba komai ba ne. Ginshiƙin Whot shi ne ki saka katin da ya dace da na ƙasa, ko dai ta zane ko ta lamba. Wannan “ko” ɗin nan ita ce dutsen. Masu nazarin ƙwaƙwalwar yara suna da wani gwaji da aka san Philip Zelazo da shi: a ba yaro katuna masu hoton jan zomo da shuɗin jirgin ruwa, a ce ya ware su ta launi, ya yi daidai. Sai a ce to yanzu an canza, a ware ta hoto. Yawancin 'yan shekara uku sai su ci gaba da warewa ta launi, alhali in ka tambaye su sabuwar dokar za su faɗa maka da bakinsu. Zuwa shekara biyar yawanci sun iya sauyawa. 'Yarki tana tsakiyar wannan gadar. In ta ga tauraro 3 a ƙasa, idonta tauraro yake nema. Da'ira 3 da ke hannunta a wurinta ƙwallo ce kawai, ba ta ga ukun ba. Ki ce mata “ga shi nan a hannunki” sau goma, ba za ta gani ba, sai dai ta ji ana yi mata faɗa a kan abin da ba ta san laifinta a ciki ba.

Shi ya sa rana ta farko ba na yin wasa ko kaɗan. A shimfiɗa tabarma, a zube katunan a buɗe, a ce ta tara kowane zane a gidansa. Ki bar ta ta raɗa musu suna da kanta. A ajina mai kusurwa uku samosa ne, mai kusurwa huɗu akwati, da'ira ƙwallo, kuros kuwa “tarawa” suke ce masa don alamar da suke gani a lissafi. Manya a majalisa suna cewa angul da kafet, wannan za ta tsince shi daga baya. In ta gama, ki cakuɗa, ki ce yanzu kuma duk masu 2 a nan, duk masu 3 a nan. Ki zuba ido. In ta haɗa samosa 2 da ƙwallo 2 ba ta yi gardama ba, ta isa a fara. In ta dage cewa samosa gidan samosa za shi, kada ki matsa. Ki bar ta a wasanni biyun da zan faɗa yanzu na wata ɗaya ko biyu, sannan ki sake gwadawa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na farko shi ne haɗa biyu-biyu. Ki ciro 1, 2, 3, 4, 5 da 7 na da'ira, da irinsu na samosa, kati 12 ke nan. A kife su layi uku, huɗu-huɗu. Kowa in layinsa ya zo ya buɗe biyu, in lambarsu ɗaya ya kwashe, in ba haka ba ya mayar ya kife a inda suke. Ina son wannan wasan don dalili biyu. Yana tilasta mata ta kalli lamba ta ƙyale zane, wato daidai abin da take fama da shi. Kuma a nan ƙananan yara suna cinye manya da gaske, ba don an bar musu ba. Ke hankalinki na kan tukunya, ita kuwa ta san ainihin inda 4 ɗin nan take kwance. Yarinyar da aka yi ta cinyewa kwana uku tana buƙatar ta ɗanɗana nasarar da ta san da guminta ta samu.

Na biyu ya fi sauƙi. A raba katunan gida biyu a kife, kowa ya buɗe na sama, mai babbar lamba ya kwashe duka biyun. Babu dabara a ciki, sa'a ce zalla, amma yana koya wace lamba ta fi wace. Ki tsaya a 1 zuwa 8. In suka yi canjaras a sake buɗewa. Minti biyar ya isa, don yana da saurin gundura.

Sai Whot ɗin kanta, amma wadda aka rage wa kaya. Ki cire duk masu 10 zuwa 14, ki cire masu 20 guda biyar ɗin. Abin da zai rage kati 31 ne. Ki raba uku-uku, kuma kowa ya shimfiɗa nasa a gabansa a buɗe, har ke. Na san babban zai ce ai ba haka ake yi ba, ki ce masa wannan Whot ɗin 'yan koyo ce, shi ne mataimakin malama. Doka ɗaya tak: a saka mai zane iri ɗaya ko mai lamba iri ɗaya, wanda ba shi da shi ya ja ɗaya daga kasuwa. Babu ɗauki biyu, babu tsallake, 2 lamba ce kamar kowace lamba. In layinki ya zo ki yi tunaninki da ƙarfi yadda za ta ji: “Tauraro uku ne a ƙasa. Ina da tauraro? Babu. To ina da uku? Ga akwati uku.” Tambaya biyu, kullum a wannan jerin. In nata ya zo kada ki nuna mata kati da yatsa, ki yi mata tambayoyin kawai, ki yi shiru ki ƙirga har goma a zuci. Iyaye mata a nan muke kasawa, shirun daƙiƙa goma yana mana tsawo, sai mu miƙa hannu mu saka mata. Ranar da kika ji tana yi wa kanta tambayoyin nan a hankali, “ina da ƙwallo, babu, ina da biyar”, to ta haye.

Ki yi kiran lambobin da Hausa, ko da a makarantarsu Turanci ake yi. Amfanin wannan zai fito ne lokacin da kika dawo da manyan lambobi. Goma sha huɗu tana faɗin kanta: ga goma, ga huɗu, a jere yadda aka rubuta. A Turanci kuwa huɗun ake fara ji kafin goman, shi ya sa za ki ga ɗan aji ɗaya an ce ya rubuta 14 ya rubuta 41. Harshenmu ya yi mana sauƙi a nan, mu ci moriyarsa. Kuma ki shirya, babban zai tambaye ki ina 6 da 9 suka tafi. Ni nakan rubuta 6 a takarda in juya ta a gabansu in ce ku gaya mini wace ce wannan, sai gardama ta kaure, su ba kansu amsa.

Dokokin musamman a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi kwanaki kafin a ƙaro wata. Ni da 20 nake farawa, don ita kyauta ce: ta dace da komai, kuma yarinya ta samu ikon cewa “ina son tauraro” kowa ya bi. Daga nan 14, tunda kasuwar gama-gari kowa take aikawa, ba a ware mutum ɗaya ba, ba ta da zafi. Sai 8 da 1. In mutum biyu ne ke wasa waɗannan biyun aikinsu ɗaya, sai kun kai uku bambancin zai fito, don haka kada ki wahalar da kanki da bayaninsa da wuri. Ɗauki biyu da ɗauki uku su ne na ƙarshe, su da kika fara da su. A idon 'yar shekara huɗu ɗauki biyu ba doka ba ce, mugunta ce yayanta ya yi mata da gangan, kuma in gaskiya za a faɗa, yadda yake buga katin a tabarma yana dariya, ba ta yi ƙarya ba. In lokacin ya yi, ki tabbata ke aka fara yi wa. Ki ɗauki biyunki ki ce “kai, an kama ni”, ki ci gaba. Tana kallon fuskarki fiye da yadda take kallon katin. Lissafin maki na ƙarshen wasa, inda tauraro ke zama ninki biyu, ki ajiye wa babban shi kaɗai, aikin tarawa ne mai kyau ga ɗan shekara shida. Kowane gida kuma da 'yan dokokinsa, wasu suna yarda a tare 2 da 2, wasu ba sa yarda. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai.

Riƙe kati a ɓoye shi ma sai daga baya. In an zo nan, abin maƙale shanya ɗaya ya isa ya riƙe mata su kamar mafici, ko ta jera su a bayan filo.

Yanzu kukan. Ba zai tafi gaba ɗaya ba, kuma ban so ya sa ki daina. Abin da ba na so shi ne ki riƙa barin ta tana ci a ɓoye. Babban zai gano a rana ta biyu, ya ji an cuce shi, ita kuma ta saba da cewa wasa abu ne da ake ci kullum, ranar da ta je gidan 'yan'uwa a Samaru ko cikin birni aka cinye ta sai abin ya fi na yau muni. In za a yi mata rangwame a yi shi a fili, ki ce mata: ke kati uku, Yaya biyar, saboda ya girme ki da shekara biyu. Yara suna karɓar wannan, don sun san shi a rabon nama da aiken gida. Ki sa zagayen ya zama gajere, da kati uku minti biyu an gama, kafin hawayen ya taru an sake rabawa. Zafin faɗuwa a wasan da aka yi rabin awa ana yi daban yake da na wanda za a sake yanzu-yanzu. In ta watsar da katunan, ba duka ba tsawa, wasan yau ya ƙare, ita za ta tsince su, gobe a sake. Ki ja babban gefe ki gaya masa murna halal ce, gwalo ne babu. Kuma ki tashi tun suna cewa a ƙara ɗaya. Minti goma zuwa sha biyar ya ishe ta.

Za ki kuma kama ta tana cusa kati ƙarƙashin cinya ta ce ta gama. Kada ki kira ta maƙaryaciya ko ɓarauniya. Jean Piaget, wanda ya zauna yana kallon yaran Suwizalan suna wasan ƙwallayen gilashi ya wallafa abin da ya gani a 1932, ya lura cewa ƙananan suna kwaikwayon wasan ne kawai, kowa na yin nasa, har kowa na iya cewa shi ya ci, sai sun ƙara girma doka ke zama abin da ake tsarewa tare. Abin da nake gani a aji ke nan. Ita a wurinta burin shi ne hannu ya zama babu kati, ta kuwa samo hanya. Ki ce “kati ɗaya ya ɓuya, fito da shi mu gani”, a ci gaba. Yayan ne zai tashi da ihu an yi maguɗi, don shi ya shiga shekarun alƙalanci. Ki ba shi aikin cakuɗawa da rabawa, ya samu inda zai sauke ƙwazon.

Inda ba na sassauci ko kaɗan shi ne sa wani abu a kan wasan. Ba kuɗi kaɗai ba. Ba alawa, ba biskit, ba gyaɗa, ba robar ɗaure kuɗi da yara ke tarawa a hannu, ba marfin kwalba. Kada ke ma ki ce wanda ya ci zan ba shi kaza, don daga ranar ba za su sake zama don daɗin wasan ba, sai don kazan. Haka hukuncin wanda ya faɗi, irin ranƙwashi ko ɗalli a goshi da yaran unguwa ke yi, shi ma a hana. Ki faɗa wa ƙanin maigidan wannan da kansa, tunda shi ya kawo ta kuma da alama shi zai fi zama da su, samari kuwa ba sa jin wasa ya yi armashi sai an sa wani abu. Kartar ta zauna a hannunki, ke ke fitowa da ita ke ke mayarwa, ba ta fita ƙofar gida, ba ta shiga jakar Islamiyya. Da an kira salla a kife, ko da saura kati ɗaya a hannun wani. In Hajiya ta ga wannan da idonta sau biyu sau uku, zancen da maigida zai yi da ita zai fi sauƙi.

Ki ƙirga katunan kafin ki mayar kwali, ki ɗaure da roba, don na ƙarƙashin kujera ba ya dawowa da kansa. In ɗaya ya ɓace ba a fasa Whot ba, sai dai a wasan haɗa biyu-biyu ki tuna ki cire abokinsa. Masu 10 zuwa 14 da kika ware ki sa su a ambulan daban ki ɗaga sama, in ba haka ba babban zai dawo da su cikin kasuwa ranar da kika shiga kicin.